Na dawo Argungu, gidana yana Manchesta: yaya zan sayar da shi daga nan?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru ina aiki a Ingila, na dawo gida Argungu a watan Afrilun 2019. Ina da gida mai ɗaki uku a Manchesta, na saye shi a Afrilun 2008 a kan fam 140,000, kuma sunana kaɗai ke kan takarda. A ciki na zauna har ranar da na taho, daga nan na zuba 'yan haya. Ɗan yayana da ke can shi ke karɓar kuɗin hayar yana turo mini. Saura kamar fam 30,000 na bashin banki. An ce yanzu gidan zai yi fam 230,000. Ina so in sayar in yi gini a Birnin Kebbi. Yaron ya ce in rubuta masa takardar wakilci ya sayar, kuɗin ya shiga asusunsa, ya riƙa turo mini ta hannun 'yan canji don an fi samun farashi. Ƙafa ta matsa mini, doguwar tafiya tana yi mini wuya. Mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa hidimar da kika yi wa marasa lafiya ta zama abin da za ki tarar.

Idan na fahimce ki, abin da ke ranki shi ne: tun da ba za ki iya zuwa ba, dole ne sai kin damƙa gidan da kuɗinsa a hannun wani? Ba dole ba ne. Na yi shekaru a wani ƙaramin ofishin akanta a Ingila, yawancin aikina harajin masu gidajen haya ne, kuma na ga an sayar da gidaje da yawa masu su suna zaune a Kano, Legas ko Dubai, ba su taka filin jirgi ba. Cinikin gida a can na takarda ne daga farko har ƙarshe. Kina zaune a Argungu za ki iya ɗaukar dillali, ki ɗauki lauya, ki sa hannu, kuɗi ya faɗa asusunki. Saboda haka shawarar yaron nan, ko da zuciya ɗaya ya kawo ta, kada ki bi ta.

Ba zarginsa nake yi ba, ban san shi ba. Wanda ya yi shekaru yana karɓar haya yana turowa ya nuna amana. Tsarin ne ke da matsala. Takardar wakilci ta gama-gari a dokar Ingila tana ba wakili ikon yin kusan duk abin da mai dukiya zai iya yi: ya yanke farashi, ya sa hannu, ya karɓi kuɗi. Ranar da fam dubu ɗari da casa'in da wani abu ya sauka a asusun matashi mai albashin wata, bankinsa zai tambaye shi daga ina, yana kuma iya rufe asusun har sai an gama bincike. Idan bashi na binsa, ko aurensa ya samu matsala, ko Allah ya yi masa rasuwa a tsakani, kuɗinki ya cakuɗe da nasa, sai kin kawo hujja kafin a ware. Na ga irin wannan da idona. Wani dattijo ya wakilta ƙanin matarsa, mutumin bai ci ko sisi ba, amma ya riƙa rarraba kuɗin yana tura wa asusun mutanen da ɗan canji ya ba shi. Ashe ɗaya daga cikinsu ana bibiyarsa. Aka kulle asusun surukin na watanni, dattijo a gida ya ɗauka an cinye shi ne, aka yi ta aike-aike marasa daɗi. Daga baya kuɗi ya fito, amma har yau ba sa gaisawa. Lauyoyi da yawa ma ba za su yarda su biya kuɗin gida a asusun da ba na mai gidan ba, don dokar hana halasta kuɗin haram ta ɗaure su.

Cinikin can ba irin namu ba ne

A nan Gesse ko Badariya, dillali ya kawo mai saye, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, mai gida ya ce ya sallama, a ba da kafin alƙalami gaban shaidu, magana ta ƙare. Wanda ya janye bayan haka ya ji kunya a gari. A Ingila karɓar tayi ba ya ɗaure kowa. Mai saye zai iya yin wata biyu yana bincike, ya kawo mai duba gini, ya nemi bashin banki, sannan rana ɗaya ya ce ya fasa ko ya rage farashi, ba abin da za a yi masa. Ciniki ba ya faɗawa sai ranar da lauyoyin ɓangare biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, a nan ne mai saye kan ajiye wani kaso, bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari. Bayan ta sai ranar kammalawa, ranar da ake biyan sauran kuɗi a miƙa makulli. Daga sa gida a kasuwa zuwa wannan rana, ki sa wa ranki wata huɗu zuwa shida, wani lokaci ya zarce. Kada ki je ki yi alkawarin fili a Gwadangaji don kawai an ce miki an samu mai saye.

Ki nemi kamfanonin dillancin gidaje uku na unguwar su yi wa gidan kuɗi, kyauta suke yi. Kada ki ɗauki wanda ya fi faɗin kuɗi da yawa, galibi neman aikin yake, bayan wata guda ya dawo ya ce a rage. Farashin da aka sayar da gidajen layinku ba sirri ba ne, ofishin rajistar filaye na Ingila yana wallafa shi, za ki gan shi a shafukan tallan gidaje na Rightmove ko Zoopla daga wayarki. La'adarsu takan kama daga kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, a ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, kuma ana yin ciniki a kanta kamar yadda ake yi da dillalanmu.

Lauya kuwa, ki zaɓa da kanki, ki duba sunansa a rajistar hukumar SRA da ke kula da lauyoyin Ingila, ki kuma faɗa masa tun ranar farko cewa a Najeriya kike zaune. Wasu ofisoshin ba sa karɓar wanda ke waje, gara ki sani da wuri. Waɗanda ke karɓa za su tantance ki ta manhajar waya da fasfo, ko ta kiran bidiyo, ko su ce wani lauya mai hatimin notari ya shaida kwafin takardunki a nan. Za su nemi shaidar adireshi, kuma a nan mutanenmu ke shan wahala, don takardar wutar KAEDCO sau da yawa sunan wani ke kanta. Bayanin asusun banki mai ɗauke da sunanki da adireshinki ya fi sauƙi. An sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF, mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, ke sa wa ido a Fabrairun 2023, an cire ta a Oktoban 2025, amma har yanzu za ki sha tambayoyi, kada ki ɗauke su cin fuska. Takardar miƙa mallaka, wadda ake kira TR1, za ki sa mata hannu a nan gaban shaida wanda ba shi da hannu a cinikin, a aika ta DHL ko makamancinsa. Akwai fom na bayanin halin gida, TA6, ki cika shi da gaskiya, in akwai yoyo ko rigima da maƙwabci ki faɗa, don ana kai mai sayarwa kotu a kan ɓoye aibi. Takardar shaidar makamashi ta EPC shekara 10 take yi, ki duba ko taki na nan da rai. Ki kuma duba takardar gidan ko mallaka ce ta dindindin ko ta wa'adi, don a yankin Manchesta akwai tsofaffin gidaje da yawa masu wa'adi. Idan wa'adin ɗaruruwan shekaru ne ba damuwa, idan ya kusa sauka ƙasa da shekara 80 farashi na faɗuwa.

'Yan hayar da ke ciki

Wannan shi zai fara yanke miki hanya. Kina iya sayarwa suna ciki, amma masu sayen irin wannan 'yan kasuwar gidajen haya ne, kuma ba sa biyan abin da mai neman wurin zama zai biya. Kina iya jira su fita ki sayar da shi ba kowa, a samu farashi mai kyau, amma haya ta tsaya alhali bashin banki da harajin ƙaramar hukuma suna tafiya. Dokar masu haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta soke tsarin fitar da ɗan haya ba dalili. A ƙarƙashinta mai son sayarwa zai ba da sanarwar wata huɗu, kuma idan ya fitar da mutane da wannan hujja ba shi da damar sake ba da hayar gidan sai bayan shekara. Kada yaron ya rubuta musu takardar tashi da kansa, kuskure kaɗan a cikinta yana mayar da aiki baya. Ni da za ki ji tawa, kafin komai ki sa a tambayi 'yan hayar ko su da kansu suna son saye. Na ga an dace ta nan fiye da sau ɗaya, ba la'ada, ba kwashe kaya.

Idan gidan ya zama ba kowa, ki sanar da kamfanin inshora, yawancinsu suna rage kariya idan gida ya yi kwana 30 zuwa 60 a rufe. Kin san hunturun can, bututun ruwa ya daskare ya fashe ba wanda ya sani sai silin ya rufto. Akwai kuma gwanjo da kamfanonin da ke cewa za su saya cikin mako biyu. Suna da sauri, amma saurin a jikin farashinki ake yankarsa. Ba ki cikin matsin da zai kai ki can.

Maganar haraji, inda aka fi yin tuntuɓe

Mutane da yawa suna ɗauka tun da sun bar ƙasar, hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ta manta da su. Kifi na ganinka mai jar koma. Tun daga 6 ga Afrilun 2015, wanda ba ya zaune a Birtaniya yana biyan harajin riba idan ya sayar da gidan zama a can. Dole ne ki kai rahoto cikin kwana 60 daga ranar kammalawa, ki biya a cikin kwanakin, kuma ko ba a bin ki ko sisi rahoton wajibi ne. Wanda ya makara tarar farko fam 100 ce, bayan wata shida a ƙara, bayan shekara a sake ƙarawa, ga kuɗin ruwa. Kada ki zata lauyan cinikin zai yi miki, yawancinsu ba aikinsu ba ne, sai dai su ambata a cikin wasiƙa. Ki ɗauki akanta tun kafin a yi musayar takardu, domin buɗe asusun rahoton daga ƙasar waje yana cin lokaci.

Harajin kashi 18 ne ko 24 cikin ɗari, ya danganta da yawan abin da kike samu a Birtaniya a shekarar, kuma fam 3,000 na farkon riba ba a taɓa shi. Bashin banki ba ya rage harajin, wannan ma ki sani, ribar ake dubawa ba abin da ya rage miki a hannu ba. Abin da ke taimakonki shi ne watannin da kika zauna a gidan da kanki an yafe su, haka ma wata tara na ƙarshe kafin sayarwa.

Bari mu yi lissafi da alƙalumanki, a ce an sayar a Afrilun 2026 don adadi ya zo daidai, a ce kuma la'ada da kuɗin lauya sun ci fam 6,000. Hanyar da ake bi idan mutum bai zaɓi wata ba ita ce a ɗauki darajar gidan ta Afrilun 2015 a matsayin uwar kuɗi. Misali kawai, a ce ya kai fam 158,000 a lokacin. Riba ta zama fam 66,000 a cikin wata 132, wato fam 500 kowane wata. Daga Afrilun 2015 zuwa Afrilun 2019 kin zauna wata 48, a ƙara tara na ƙarshe, 57 sun fita. Saura wata 75, fam 37,500. A cire 3,000, a ɗora kashi 24, haraji ya kama fam 8,280. Amma doka ta ba ki damar zaɓar a raba ribar bisa tsawon lokaci tun daga ranar saye. Ta nan riba fam 84,000 ce a cikin wata 216, rabon wata 75 ɗin nan ya zama kusan fam 29,170, haraji ya sauko wajen fam 6,280. Gida ɗaya, ciniki ɗaya, bambancin fam 2,000 tsakanin lissafi da lissafi. A gidan wani kuma hanyar farko ce za ta fi sauƙi. Shi ya sa nake cewa kuɗin akanta ba asara ba ne. Ki tono rasit na duk wani babban aiki da kika yi wa gidan, kamar ƙarin ɗaki, ana cire shi daga riba. Fenti da ƙananan gyare-gyare ba sa shiga.

Akwai wata tambaya da ba ki yi ba, ni zan yi miki ita: hayar da ake karɓa tun 2019, an taɓa bayyana ta ga HMRC? A dokarsu, duk wanda ke karɓar haya a madadin mai gida da ke waje, ko ɗan'uwa ne, ana ɗaukarsa wakilin haya, kuma ya kamata ya riƙa cire kashi 20 cikin ɗari yana biya, sai idan mai gidan ya cika fom NRL1 an amince a ba shi kuɗinsa cif ya riƙa kai rahoton shekara da kansa. Idan ba a yi ko ɗaya ba, rahoton sayarwa zai tona maganar, don a ciki za ki nuna shekarun da ba ki zaune a gidan. Akwai shirin da suka buɗe wa masu gidajen haya su kai kansu da kansu, tarar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a zo a same ki. Idan kina da fasfon Birtaniya, fam 12,570 na farkon abin da kike samu a shekara ba haraji a kai, don haka wataƙila abin da ake bin ki bai taka kara ya karya ba. Ki kuma tuna ko kin nemi izinin bankin kafin ki zuba 'yan haya, ki tambaye su takardar jimlar abin da ya rage da ko akwai tarar biyan bashi kafin wa'adi.

Ta ɓangaren Najeriya, akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakaninmu da Birtaniya tun 1987, kuma sabuwar dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026 ta sauya yadda ake lissafin ribar sayar da kadara. Ki ajiye shaidar abin da kika biya a can, ki zauna da mai lasisin aikin haraji a nan kafin kuɗin ya iso. Alƙaluman Birtaniya da na ba ki su ma kasafin kuɗi kan taɓa su, akantan da zai sa hannu a rahotonki shi zai tabbatar da na shekarar da kika sayar. Ni ba lauyan Ingila ba ne, abin da ya shafi sanarwar 'yan haya da takardar mallaka maganar lauyanki ce ke gaba da tawa.

Yadda kuɗin zai iso

Ranar kammalawa lauya zai biya banki bashinsa, ya biya dillali, ya cire nasa, ya tura miki saura. Tun yanzu ki duba ko asusunki na can yana aiki, don wasu bankunan suna rufe na wanda ya koma wata ƙasa. Idan babu, ki buɗe asusun kuɗin waje na fam a bankinki na Birnin Kebbi, ki tambayi lauyan ko yana turawa waje. Lambar asusun kada ki aika ta a imel kawai ki yi shiru. 'Yan damfara suna kutsawa imel, su rubuta wa lauya da sunanki cewa kin canza banki. Ki kira ofishin da lambar da kika sani, ki karanta musu da baki, ku yi yarjejeniya cewa ba za a canza ba. Ofishin rajistar filaye yana da tsarin faɗakarwa kyauta da ke aiko da saƙo idan wani ya taɓa takardar gidanki, ki yi rajista yau, gidan da mai shi ke nesa shi ɓarayin takarda suka fi so.

'Yan canji ba abokan gaba ba ne, dukanmu muna hulɗa da su. Amma wannan kuɗin yana buƙatar sawu. Ranar da banki ko hukuma suka tambaye ki ina kika samu ɗaruruwan miliyoyin naira, takardar lissafin ƙarshe ta lauya da shaidar turowa daga asusunki zuwa asusunki su ne amsa. Tazarar farashin banki da na kasuwar bayan fage ma ta ragu sosai tun bayan sauyin tsarin canjin naira na Yunin 2023. Kada kuma ki canza duka rana ɗaya. Kafin wannan sauyi dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, wanda ya juye komai zuwa naira ya ajiye don gini ya ga yadda siminti ya tsere masa. Nairar kan kuma farfaɗo, ba mai iya yi miki alkawarin inda za ta dosa. Ki riƙa canzawa daidai matakin aiki: fili, tushe, linta, rufi. Wajen biyan fili ki bi ta banki, dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar, ki kuma bincika takardar filin a ma'aikatar filaye kafin ki biya.

Niyyar sayarwar kanta ina ganin daidai ce, ko don magada. Gidan bai kai fam 325,000 da harajin gadon Birtaniya ke farawa ba, amma takardar rabon gado ta kotun shari'ar Argungu ba ta isa ta motsa gida a Manchesta ba, sai 'ya'yanki sun nemi izinin kotun can, da lauya, da jira. Batun zakka kuwa, abin da na sani a mazhabar Malikiyya shi ne gidan zama ko na haya ba a fitar masa, kuɗin da aka sayar da shi sai shekara ta zagayo a kansa yana hannu. Ki kai wa malaminki cikakken bayani ya yanke miki.

Shi kuma ɗanki, kada ki cire shi, ki dai canza masa aiki. Ya riƙe makulli, ya buɗe wa dillali da mai duba gini, ya sa ido a kan masu fenti, ya ɗauki hoton mitar wuta da ta gas ranar miƙa gida. Ki gaya masa lauya da banki ne suka ce kuɗi sai asusun mai gida, kuma gaskiya kika faɗa. Idan ƙafar ta hana ki ko zirga-zirgar sa hannu a nan, lauyan zai iya rubuta wakilci mai iyaka, na sa hannu a wannan ciniki kaɗai, a rubuta mafi ƙarancin farashi a ciki da sharaɗin kuɗi ya tafi asusunki. Idan an gama lafiya, ki ware masa wani abu mai kauri na shekarun da ya yi yana bin 'yan haya, ki tura masa daga asusunki da sunan kyauta.